Wane irin lauya ya dace da shari'ar hatsarin jirgin ruwa?

Uwani:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan al'amari. Yau mako uku ke nan da ƙanena ya yi hatsari a ruwa. Fasinja ne a wani ƙaramin jirgin haya mai inji, da magariba wani jirgin ya taho a guje ya daki nasu ta gefe. Ya faɗa ruwa, farfela ta yanke shi a ƙafa, ƙashin cinyarsa kuma ya karye. An yi masa aiki sau ɗaya, likita ya ce sai an sake. Matuƙinsu na ɗora laifi a kan wancan, wancan kuma na cewa su ne ba su kunna fitila ba.

Muna da lauyan da muka saba da shi, mutumin kirki ne, amma shari'ar filaye da ta gado ya fi yi. Ya ce zai iya, domin a ganinsa hatsari hatsari ne, ko a titi ko a ruwa. Shi kuma mai jirgin hayar ya aiko cewa yana da lauyan da zai haɗa mu da shi kyauta. Shin da gaske sai an nemi lauya na musamman? In haka ne, yaya mutum zai bambance wanda ya iya aikin da wanda ya iya baki kawai? Me zan tambaye shi a zaman farko?

Malam Ɗanjuma:

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba.

Lauyan da mai jirgi ya miƙo muku, ku yi masa godiya ku bar masa abinsa. Mai jirgin hayar yana cikin waɗanda ƙila za ku nemi diyya a hannunsu, kuma lauya ɗaya ba ya tsaya wa mai nema da wanda ake nema a wurinsa. Haka nan in matuƙin jirginsu ya ce ku haɗu ku ɗauki lauya ɗaya a kan wancan jirgin, kada ku yarda. Ƙaninki fasinja ne, ba shi ya riƙe inji ba, don haka yana da damar bin jiragen biyu gaba ɗaya. Ranar da kuka haɗa lauya da matuƙin, kun toshe wa kanku ƙofa ɗaya.

Maganar cewa hatsari hatsari ne kuwa, a nan ne mutane suka fi yin asara. Dokar ruwa ta sha bamban da ta titi ta fuskoki da dama, mafi haɗarinsu shi ne wa'adin shigar da ƙara. A Ingila, alal misali, wanda ya ji rauni a hatsarin mota yana da shekara 3. Amma in jirage biyu ne suka yi karo, ƙarar da za a kai wa ɗaya jirgin shekara 2 ce kawai. Wannan wa'adi ya samo asali daga yarjejeniyar Burasel ta 1910 kan karon jirage, kuma ƙasashe da yawa sun sa shi a dokokinsu. Yarjejeniyar Atens ta 1974, wadda ta shafi fasinjan jiragen teku, ita ma shekara 2 ta ba da, ana ƙirgawa daga ranar da fasinja ya sauka daga jirgi. A Amurka dokar ruwa ta ba da shekara 3, amma tikitin manyan jiragen yawon shaƙatawa kan rage shi zuwa shekara 1, da sharaɗin a sanar da kamfani a rubuce cikin wata 6, kuma kotuna na amincewa da hakan. In jirgin hukuma ne, sau da yawa akwai wata takardar sanarwa da dole a aika tun kafin a je kotu, wa'adinta kuma gajere ne. Lauyan da ya saba da wa'adin titi zai ɗauka yana da sauran lokaci, ya yi ta musayar wasiƙu da kamfanin inshora har ranar ta wuce. In ta wuce, komai gaskiyarku da wuya kotu ta saurare ku.

Abu na biyu, wanda babu irinsa a titi: mai jirgi na iya roƙon kotu ta ƙayyade abin da zai biya. A ƙasashen da suka karɓi yarjejeniyar Landan ta 1976, ana lissafin iyakar ne da girman jirgin, amma in fasinjojin jirgin ne da kansu ke neman diyya, da yawan fasinjan da aka yarda ya ɗauka ake lissafa ta. A Amurka akwai dokar 1851 da ta ba mai jirgi damar cewa ba zai biya fiye da darajar jirgin bayan hatsari ba, tare da kuɗin jigilar wannan tafiyar. Ki duba abin da wannan ke nufi in jirgin ya nutse ko ya ƙone. A 2019 gobara ta cinye jirgin Conception a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka rasu, kuma cikin 'yan kwanaki masu jirgin suka garzaya kotu da wannan doka. Sai a ƙarshen 2022 majalisar ƙasar ta cire wasu ƙananan jiragen fasinja daga ƙarƙashinta. A tsarin Amurka mai jirgi yana da wata 6 na shigar da wannan roƙo daga ranar da aka sanar da shi ƙorafi a rubuce, kuma da zarar ya shigar, kotu kan tsayar da sauran ƙararraki ta sa ranar da kowa zai kawo nasa, wani lokaci kwana talatin da 'yan kai. Hanyar karya wannan iyaka a can ita ce a nuna cewa mai jirgin ya san da matsalar ko yana da hannu a ciki: ya san fitila ta mutu, ya san matuƙin bai ƙware ba, ya san ana lodi fiye da ƙima. Lauyan da bai san da wannan ba, ba zai ma nemi waɗannan hujjoji ba.

Na uku shi ne kotun da ke da hurumi. Ƙasashe da yawa sun keɓe shari'ar ruwa ga wata babbar kotu, kuma amsar kan danganta da irin ruwan: teku ne, kogin da jiragen kasuwanci ke bi ne, ko tafki ne da ba ya haɗe da ko'ina. In aka kai ƙara kotun da ba ta da hurumi, za ta kore ta, kuma watannin da aka ɓata ba sa dawowa.

Saboda haka a zaman farko ki tambaye shi wace doka ce ta shafi ruwan da abin ya faru, wace kotu zai je, kuma wace rana ce ta ƙarshe ta shigar da ƙara. Ki ce ya rubuta miki ranar a takarda. Ba laifi ba ne ya ce zai duba ya ba ki amsa gobe. Wanda ya ce "kada ki damu, akwai lokaci" ba tare da ya ambaci rana ba, shi ne abin gudu. Ki tambaye shi shari'ar ruwa nawa ya yi a shekara biyar da suka wuce, a wane ɓangare ya tsaya, nawa suka kai gaban alƙali, nawa aka yi sulhu. Ki kuma tambaye shi kai tsaye ko yana yi wa kamfanin da ya yi wa ɗaya daga cikin jiragen inshora aiki, domin masu wannan fanni ba su da yawa, kuma galibinsu masu jirage da kamfanonin inshora ne ke ba su aiki.

Wajen nemowa, ƙungiyar lauyoyi tana da rajistar mambobinta, a can za ki tabbatar cewa lasisinsa na aiki kuma ba a taɓa dakatar da shi ba. Ƙasashe da dama kuma suna da ƙungiyar masana dokar ruwa. Ki zauna da biyu ko uku kafin ki zaɓa.

Sarkin Jirgi:

Sannu da jinya Hajiya. Malam Ɗanjuma ya yi bayanin doka, ni zan tsaya a kan jirgin kansa, domin akwai wata hanyar gane lauya da ta fi tambayoyinki: ki saurari tambayoyin da shi zai yi miki.

Wanda ya san ruwa, tambayarsa ta farko ita ce ta wane gefe aka daki jirgin. Ƙa'idojin hana karo na duniya na 1972 sun ce in jirage biyu masu inji za su gitta wa juna, wanda ke ganin ɗan uwansa ta hannunsa na dama shi ne zai kauce. Ke nan in ta gefen hagu aka daki jirgin ƙaninki, alama ce cewa wanda ya dake su shi ya kamata ya ba da hanya. In ta dama ne, matuƙinsu na da tambayar amsawa. Wanda ya biyo daga baya zai wuce, shi ne zai kauce ko ta wane gefe. In kuma gaba da gaba ne, kowa ya karkata dama. Amma ko wanda yake da hanya ba a yarda ya zuba ido ba, dole ya yi abin da zai iya in ya ga wancan bai kauce ba. Dokokin koguna da tafkuna na ƙasashe da yawa a kan wannan tsari aka gina su. Shi ya sa a karon jirage da wuya laifi ya tsaya a kan mutum ɗaya, kotu kan raba shi, kamar 70 da 30.

Batun fitila kuma ba a bar shi ga rantsuwar matuƙa ba. Dole ne a kunna ta daga faɗuwar rana zuwa fitowarta: ja a hagu, kore a dama, da fara. Lokacin faɗuwar rana na wannan ranar a rubuce yake a hukumar kula da yanayi, sai a gwada da lokacin da aka yi kiran farko na neman agaji a waya. In ƙwan fitilar irin na da ne mai siririyar waya a ciki, gwani na iya gane ko a kunne yake lokacin karon, domin waya mai zafi miƙewa take yi ta lanƙwashe, mai sanyi kuwa tsinkewa take yi. In an canza ƙwan, wannan hujja ta tafi.

Nan ne gaggawar take. Mako uku lokaci ne mai yawa ga jirgi. Ana like ɓaraka, a shafa fenti, a canza farfela, a koma aiki. Na'urar GPS tana ajiye hanyar da aka bi da gudun da aka yi, amma in ta cika tana shafe tsoho ta rubuta sabo. Injunan zamani da yawa suna da 'yar kwamfuta da ke ajiye bayanin aikin inji. Lauya nagari, a makon farko, zai rubuta wa masu jiragen biyu da kamfanonin inshorarsu cewa kada a gyara, kada a sayar, kada a goge komai har sai gwani ya duba. Ki tambaye shi wane mai binciken jirage yake aiki da shi. In ba shi da ko ɗaya da zai ambata, bai saba da aikin ba.

Akwai kuma tambayar farfelar wane jirgi ce ta yanke shi. Yankan farfela kan zo a jere, kusan tazara ɗaya, kuma ana iya gwada shi da girman farfelar. Jiragen da injinsu ke maƙale a bayan jirgi galibi suna da igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a jikinsa, in ya faɗi ta fizge ta kashe inji. In bai ɗaura ba, jirgin kan ci gaba da zagayawa shi kaɗai yana bi ta kan waɗanda suka faɗa ruwa. In haka ta faru, sakacin matuƙinsu ne, ko da wancan ne ya jawo karon.

Kafin ki sami lauyan, ki tara abin da ke hannunku: hotunan raunin daga ranar farko, takardun asibiti da rasit, tikiti ko shaidar biyan kuɗin haya, sunaye da lambobin sauran fasinjoji, lambar rajistar jiragen biyu, da kwafin rahoton 'yan sanda ko hukumar kula da ruwa. Ƙaninki ya faɗi abin da ya tuna a rubuta yanzu: mutum nawa ne a ciki, an ba su rigar ceto ko ba a ba su ba, ya ga alamar maye a matuƙin ko bai gani ba. Wayarsa ma in ta tsira kada a goge ta.

Uwani:

Allah ya saka muku da alheri. Ta hagu aka dake su, kuma ba a ba kowa rigar ceto ba. Jiya wani daga kamfanin inshorar wancan jirgin ya kira, ya ce za su biya kuɗin asibiti nan take in ƙanena ya ba da bayani a ɗauki muryarsa, ya kuma sa hannu a wata takarda. Gaskiya muna bukatar kuɗin. Sannan yaya ake biyan irin wannan lauya? Ina tsoron kada kuɗinsa ya cinye diyyar.

Hajiya Kulu:

'Yar uwa, kada ya sa hannu, kada kuma ya ba da bayanin nan sai lauya ya karanta takardar. Mafi yawan irin waɗannan takardu na cewa an karɓi kuɗin a matsayin biya na ƙarshe, kuma wasu an tsara su ne yadda za su wanke har mutanen da ba a ambata ba. Ga shi likita ya ce sai an sake aiki. Yankan da ya taɓa ruwan kogi ko na teku yana da saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, karayar cinya kuma takan ɗauki watanni kafin a san ko ƙafar za ta koma daidai. Ba a ƙiyasta diyya sai jiki ya tsaya a inda zai tsaya, likita ya rubuta abin da ya rage na naƙasa da aikin da mutum ba zai ƙara iyawa ba. Abin da lauya zai iya nema muku yanzu shi ne a ba da wani abu na wucin gadi don jinya, a rubuta ƙarara cewa za a cire shi daga diyyar ƙarshe kuma bai rufe maganar ba. Shi kuwa jami'in inshora, ki amsa masa da ladabi cewa lauyanku zai tuntuɓe shi.

Biyan lauya iri uku ne: kuɗi tsayayye, biya gwargwadon awannin aiki, ko kaso daga diyya in an ci nasara. A Amurka kason kan kama daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin 100, yana ƙaruwa in an kai gaban alƙali. A Ingila an ƙayyade shi kada ya wuce kashi 25 a shari'ar rauni. Wasu ƙasashen sun taƙaita tsarin ko sun hana shi, don haka ki tambayi abin da dokar wurinku ta yarda.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne kuɗin ɗawainiya: na shigar da ƙara, na mai binciken jirgi, na rahoton likita. Ki tambaya ko ana cire kason lauya kafin a cire waɗannan ko bayan an cire. A ce diyya 90 ce, ɗawainiya ta ci 15, kason lauya ɗaya cikin uku. In ya fara ɗaukar nasa, ya sami 30, ku 45. In aka fara cire ɗawainiya, ya sami 25, ku 50. Jimla ɗaya ce a takardar yarjejeniya ke kawo wannan bambanci. Ki kuma tambayi wanda zai ɗauki ɗawainiyar in an faɗi shari'a, da ko za a ɗora muku wani ɓangare na kuɗin lauyan abokin shari'a, domin a ƙasashe da yawa wanda ya faɗi shi ke biya.

Takardar ta kuma faɗi cewa ba za a yi sulhu ba sai da amincewar ƙaninki a rubuce, da sunan lauyan da zai riƙe aikin da kansa, da abin da za ku biya in kuka canza lauya a tsakiya. Ƙaninki ne zai sa hannu, ba ke ba, matuƙar baligi ne kuma yana cikin hankalinsa. Wanda ya yi muku alkawarin adadin kuɗi tun bai ga takardun asibiti ba, ko ya biyo ku har gadon asibiti yana neman aiki, ku yi nesa da shi.

Baba Audu:

'Yata, duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ban yarda a sallami lauyanku na gida ba. Masana dokar ruwa sun fi taruwa a biranen da ke da manyan tashoshin jirage, kuma wasunsu shari'ar kaya da kwangila suka sani, ba ta rauni ba. Ana samun lauyoyi biyu su haɗu: naku da kuka amince da shi ya riƙa bin asibiti da shaidu, masanin ya tsara ƙarar ya tsaya a kotu. Sharaɗin shi ne su raba kaso ɗaya tsakaninsu, a rubuce, da saninku, ba kowa ya ɗauki nasa daban ba.

Sannan ki sa a bincika tun yanzu wanda ke da abin biya. Wancan jirgin yana da inshora tunda sun kira, to a nemi sanin iyakar abin da ta ɗauka, da ko wanda ke tuƙi a ranar yana cikin waɗanda ta amince su tuƙa. Jirgin hayar fa? A wurare da yawa ba a tilasta wa ƙananan jirage yin inshora ba, wasu kuma inshorar yawon kansu suke da ita alhali suna ɗaukar fasinja da kuɗi, kamfani kuma zai ƙi biya saboda haka. In babu inshora, dokar ruwa a ƙasashe da dama ta yarda kotu ta tsare jirgin kansa har sai mai shi ya ajiye jingina, kuma haƙƙin wanda ya ji rauni kan bi jirgin ko an sayar da shi, amma na ɗan lokaci ne. Rashin rigar ceto da kika ambata ki faɗa wa lauyan a zaman farko, domin hujja ce a kan mai jirgin hayar kansa, ba matuƙinsa kaɗai ba.

Malam Ɗanjuma:

Na yarda da Baba, muddin masanin ne zai ƙirga wa'adi ya kuma zaɓi kotu. Ƙari ɗaya, 'yar uwa: ki tabbatar wa lauyan cewa ƙaninki fasinja ne da ya biya kuɗi. In da yana taya matuƙin aiki ana ba shi lada, ko da na yini ɗaya ne, dokar da za ta shafe shi daban ce, wa'adinta da abin da za a nema ma daban. Wasiƙar hana gyara jiragen kuwa kada ta jira sai kin gama zaɓe, lauyanku na yanzu zai iya aika ta gobe da safe, ya sa a miƙa ta hannu da hannu a sa masa hannu a kwafinsa.